Likitocin Rimni a Al Qusais

Ranar da ƙanena ya turo mini hoton bakin kogin garinmu, na daɗe ina jujjuya wayar, ina tsammanin a kife na riƙe ta. Babu kogi. Yashi ne fari fat, motocin tifa suna lodi, inda lambun mahaifinmu yake kuwa an kafa injin buga bulo. Na duba ko zan ga rimni ko guda ɗaya, ban gani ba. A lokacin ina zaune a wani dogon bene a Al Qusais, gidan autana Nura, wanda yake aikin gwajin jini a wani asibiti a nan Dubai. Na zo ne in taya matarsa jego in koma, sai korona ta kulle duniya, jirage suka daina tashi, na zama ’yar gari ba shiri.

Wanda bai san rimni ba, itacen bakin ruwa ne, mai siraran rassa da dogayen ganye ’yan firit. A ƙarƙashinsa na girma. Mu a zamaninmu ba agogo ne yake tashinmu ba, kukan jigon Baffa ne, wato mahaifinmu. Tun da duhu-duhu za ka ji shi, ƙiii, sai gugan ya faɗa ruwa, sai ƙiii, ya juye a kwalbati. Kwaɗi suna amsa masa, daga cikin gari kuma ka ji tabarya ta fara sauka a turmi, gida bayan gida, har ka iya gane hannun kowace mata. Aikina na farko kullum shi ne in kwashe tokar murhun jiya a sakaina in kai lambu. Na biyu, in bi kubewa da yakuwa ina tsince tsutsa ina tarawa a ƙoƙo in kai wa kaji. Kajin gidanmu sun fi sanina a kan uwata. Idan rana ta take, mu yara mu shige inuwar rimni mu tsoma ƙafa a ruwa, ƙananan kifaye suna tsakurar mana yatsu, a kawo ɗumamen tuwo mu ci da hannun da bai gama bushewa ba. Yanzu jikokina idan suka ga tsutsa a latas sai a zubar da kwanon gaba ɗaya, uwarsu ta bi teburin da abin feshi.

Baffa ba mai yawan magana ba ne. Idan shuka ta yi rashin lafiya ba ya tambayar kowa. Zai tsuguna, ya kama ganye ɗaya ya juya bayansa, ya murza shi a yatsu, ya shinshina, sannan ya tura hannu cikin ƙasa ya damƙo ya shinshina ita ma. Abin da yake ce mini kullum shi ne, “Ke dai juya ganyen. Duk abin da ke cin sa a baya yake zama.”

Wata shekara kogi ya ci mana gefen lambu, Baffa ya saro rassan rimni ya kakkafa su a jere a bakin gaɓa don su riƙe ƙasa. Suka kama, suka yi tofo gwanin sha’awa, sai kuma ganyen ya fara nannaɗewa, ya yi baƙi, ya yi danƙo, tururuwa suna hawa suna sauka. Gari ya ɗauka. Aka ce aljanar kogi ce ba ta son a yi mata shinge. Kakata ta aika ƙetare aka zo da wani mai magani mai jar hula, ya zagaya itatuwan yana gyaɗa kai, ya ce sai an ba shi baƙin zakara. Aka ba shi. Liman ya ji labari ya ce wannan shirme ne, a yi sadakar waina. Aka yi. Baffa kuwa ya kira ni ya juya ganye ya nuna mini wasu ’yan ƙwari kore shar, sun yi cincirindo kamar kwarkwata. Ya ce, “Darɓa ce. Ki riƙa barbaɗa musu toka da safe kafin raɓa ta bushe.” Na riƙa yi da zuciya ɗaya, har gashin idona ya koma fari. Ana cikin haka aka yi wani ruwa mai ƙarfi, bayansa itatuwan suka warware. Mai jar hula ya ce zakaransa ne, Kaka ta mara masa baya. Liman ya ce waina ce. Baffa ya ce ruwan sama ne ya wanke su. Ni kuwa ban yi gardama da manya ba, amma a cikin raina na san tokata ce. Daga ranar babu wanda ya isa ya raba ni da toka. Har na yi aure, na haihu, na aurar, duk shukar da ta yi mini atishawa toka take sha.

To, da wannan zuciyar na zo Dubai.

A tsakar benenmu akwai fili da aka shimfiɗe da bulon ƙasa. Da sanyi-sanyin shekarar masu gidan suka sa aka ɓanɓare wurare huɗu aka dasa ’yan itatuwa na ado, kowanne an ɗaure shi da sanda, an zagaye gindinsa da baƙin bututu mai ɗigar ruwa. Ina leƙowa daga baranda na gane su, ko da yake rassan waɗannan zubowa suke yi ƙasa kamar macen da ta tsefe kai. Nura ya ce sunansu wilo. Mai gadin benen, wani bawan Allah ɗan Pakistan mai suna Gulam, ya ce safsaf. Na ce su kira shi abin da suka ga dama, rimni ne. A garin da ban san kowa ba, ban san hanya ba, ko lif ba na shiga ni kaɗai sai da addu’a, ga ’yan garinmu har huɗu a tsakar gida. Kullum bayan asuba sai na leƙa na gaishe su.

Da zafi ya fara shigowa, irin zafin nan na Dubai mai kama da an buɗe maka murfin tukunya a fuska, sai na ga gefen ganyen ya fara ƙonewa, wasu suna zuba. Na ce wa Nura, “Auta, itatuwan nan ba su da lafiya.” Ya sauka da takunkuminsa, ya ɗauki hoton ganye da waya, ya dawo yana karanta mini. Wayar ta ce ko dai cutar naman gwari ce, ko ƙishirwa, ko kuma sanyin ƙanƙara ne ya buge su.

Na ce, “Sanyin me?”

Ya ce, “Ƙanƙara, Inna. Haka ta ce.”

Na ce, “Maza kashe ta ta huta, ita ma zafin ya taɓa ta.”

Washegari na sauka da kaina. Na tarar da Gulam tsaye a gaban itatuwan, hannu a ka. Ni ba Larabci ba, shi ba Hausa ba, amma da guntun Larabcin da na tsinta a Makka da nasa na kasuwa mukan fahimci juna. Ya nuna ganyen ya ce, “Mama, shajara ta’aban,” wato itace ba lafiya. Ya nuna ofishin manaja, ya ja yatsa a wuyansa, ya ce, “Shajara mut, Gulam kalas.” Wato manaja ya ce idan itatuwan suka mutu, aikinsa ya ƙare. A lokacin kuwa ana ta sallamar mutane daga aiki, shi kuma ’ya’ya mata gare shi a gida, ya sha nuna mini hotonsu. Na juya ganye ɗaya. Ga su nan, kore shar, sun yi cincirindo. Wallahi sai da na ji kamar na haɗu da dangi. Na dafa ƙirji na ce masa, “Mafi mushkila. Ana doktor.” Wato babu matsala, ni likita ce.

Sai dai a ina ake samun toka a Dubai? Gida babu murhu, babu itace, girki da lantarki. Na fara da kaskon turaren wutar surukata, na kankare abin da ke ciki, bai cika cokali ba. Na sa Nura ya sayo mini gawayi, na ce turare zan yi. An hana hura wuta a baranda, don haka na rufe ƙofar kicin, na zuba gawayin a tsohuwar tukunya na hura. Ya kama da kyau, ina fifita ina jin daɗi, ƙamshin ya kai ni gida. Ban ankara ba sai wani abu a silin ya fasa ihu. Kafin in ce me ke nan, duk benen ya ɗauka. Mutane suka yi ta gangarowa ta matakala, Indiyawa da Filifinawa da Larabawa, wani da tawul, wata da kyanwa a hannu, kowa da takunkumi, ana ta “yalla, yalla”. Surukata ta fito da jariri a kafaɗa tana salati. Ni ce ƙarshen fitowa, da tukunyata a naɗe cikin zani, don ba zan bar tokar ta lalace ba.

Da Nura ya dawo daga ofishin manaja, inda ya sha ba da haƙuri, ya zauna a gabana ya ce, “Inna, don girman Allah. Ƙasar nan ba a wasa da wuta. Biza ce fa a wuyana.”

Na ce, “Na ji, Auta. Ba zan ƙara hurawa ba.”

Ban kuwa ƙara ba. A ƙasan benen ta waje akwai wani mai gasa kaji da gawayi. Na je masa da leda, na nuna ƙasan abin gashin. Ya dube ni, ya dubi ledar, ya ga tsohuwa ce, ya cika mini ita fal bai tambaye ni komai ba. Daga nan kullum da sassafe ina sauka, in barbaɗa wa ganyen, abin da ya rage in juye a gindi, don na ga ƙasar tasu yashi ce zalla, tana bukatar abin da zai ba ta ƙarfi.

A irin wannan saukar ce na ci karo da wata mata, sa’ata ko ta ɗan girme ni, da ɗaurin ɗankwali irin namu da bokiti a kowane hannu. Tana zuwa ta sheƙa wa itace ɗaya bokiti guda. Ta juyo ta ga ledata, ta ce da Hausa raɗau, “Baiwar Allah, ke ce mai zuba musu wannan dattin?”

Na ce, “Ke ce mai mayar da wurin fadama?”

Haka muka san juna da Mama Rifkatu. Mutuniyar Filato ce, ɗanta yana gyaran na’urar sanyaya ɗaki, ta zo rainon jikoki tun suna ƙanana, yanzu sun girma. Muka gaisa sosai, aka tambayi mutan gida da gajiya da zaman kulle, sannan muka koma faɗa. Ta ce itacen bakin rafi ne, a garinsu ƙafarsa a cikin ruwa take kwana, wannan ɗigon da bututu yake yi ko kaza ba zai ƙosar ba. Na ce darɓa ce, na gan ta da idona, kuma maganin darɓa toka. Ta ce, “Hajiya, mai jin ƙishirwa za ki ba wa toka?” Na ce, “Mama Rifkatu, mai kwarkwata za ki yi wa ɗura?” Da muka ga ba mai sauka, sai muka raba. Na ɗauki biyun da ke ɓangarenmu, ta ɗauki guda ɗayan da ke kusa da ƙofarsu. Na huɗun yana can lungu kusa da inda ake tara shara, wurin yana wari, kowaccenmu ta yi kamar ba ta gan shi ba.

Aka shiga gasa. Ni da nake sauka da leda ɗaya na koma biyu. Ita kuma duk ruwan da ya ratsa gidansu sai ya ƙare a gindin itacenta, na wankin shinkafa, na ɗaurayar kwano, har wanda na’urar sanyi take ɗigarwa. Idan muka haɗu sai ta dubi nawa ta ce, “Sannu Hajiya, ya mai jiki?” In dubi nata in ce, “Da sauƙi. Naki fa, ya fara iyo?” Amma maganar gaskiya babu mai sauƙi a cikinsu. Nawa ganyen ya yi rawaya, jijiyoyin kawai suka rage kore, bakinsa ya bushe ƙamas. Nata ya yi laushi ya langaɓe, yana zuba da ɗanyensa. Sannan ga kyanwoyi. Duk kyanwar da ke Al Qusais ta gano itatuwana. Da safe in tarar da su sun yi da’ira, suna tona gindin suna lasa, wata har ta haihu a wurin. Mama Rifkatu ta ce, “Hajiya, ko dai su ma marasa lafiya ne suka zo asibitinki?” Gulam kuwa kullum ƙara ramewa yake yi, idan ya gan mu sai ya ɗaga hannu sama ya ce, “Inshallah, Mama, inshallah.”

Rannan manaja ya kira kamfanin da suka yi dashen, suka turo ma’aikaciyarsu. Ina baranda na ga wata yarinya siririya da hijabi da takalmin roba ta tsuguna a gindin itacena. Na sauka a guje, gudun tsohuwa dai, na tarar Mama Rifkatu ta riga ni. Yarinyar ta ɗago ta ji muna magana, ta ce, “Laa, sannunku Mama, ina kwananku?” Ashe ’yar Zariya ce, sunanta Hadiza, aikin gona ta karanta. Na shirya in ga ta ciro waya. Ba ta ciro ba. Ta kama ganye ta juya bayansa, ta murza a yatsu, ta janye takunkumi ta shinshina, sannan ta naɗe hannun riga ta tura hannu cikin ƙasa. Na tsaya ina kallonta. Rabon da in ga wani ya yi haka tun Baffa yana da rai.

Ta ce, “Akwai darɓa kam.”

Na dubi Mama Rifkatu na gyara tsayuwa.

Ta ce, “Amma ’yar kaɗan ce, da ruwa aka fesa da ƙarfi da ta tafi. Ƙunar bakin ganyen nan ta farko kuwa iskar zafi ce. Sabon dashe ne, saiwarsa ba ta kama ba, dole ya zubar da wasu ganye. Da an ƙyale shi da ya warware.” Ta damƙo ƙasar gindin, ta duba, ta kai hanci. Ta sake shinshinawa. Ta ce, “Ikon Allah. Wannan itacen ƙamshin gasasshiyar kaza yake yi. Wa yake zuba masa toka?”

Na kau da kai. Mama Rifkatu ta ce, “Ni dai ba ni da murhu.”

Na ce, “Ni ce, ’yata. Maganin darɓa ne. Haka muke yi tun kafin a haifi babanki.”

Ta ce, “Gaskiya ne Hajiya, a gida ana yi, kakata ma tana yi. Amma ƙasarmu daban, kuma mu ruwan sama yana zuwa ya wanke. Ƙasar nan da ma gishiri da kanwa sun yi mata yawa, toka ƙara mata take yi, sai itacen ya kasa jan abincinsa. Kin ga rawayar nan da jijiya kore? Ita ce alamar. Wannan tokar kuma har da gishiri da kitsen kaza a ciki.”

Mama Rifkatu ta juya baya, kafaɗunta suna rawa. Ba ta gama dariyar ba Hadiza ta matsa wurin nata itacen. Tana taka gindin takalminta ya nutse. Ta tura hannu, ta zaro shi da baƙin taɓo mai wari kamar kwata, da wata saiwa da ta ruɓe ta yi laushi. Ta ce, “Wannan kuma wa yake yi masa wanka?”

Na ce, “Ni dai ba ni da bokiti.”

Mama Rifkatu ta ce, “Yarinya, itacen rafi ne fa.”

Hadiza ta ce, “Na rafi ne, Mama, amma ruwan rafi tafiya yake yi. Wannan tsayawa yake yi.” Ta ɗauko wani dogon ƙarfe ta soka a ramin, bai yi nisa ba muka ji ƙwas. Ashe akwai siminti a ƙasa, waɗanda suka haƙa ramin ba su fasa shi ba. Itacen a cikin baho yake zaune, ana ta ƙara masa ruwan sabulu.

Tana cikin tonon sai ga wasu ’yan ƙwayoyi shuɗaye a cikin ƙasar, a gindin nata da nawa duka. Ta tara su a tafin hannu ta ce, “To, takin zamani kuma fa? Wannan ai ya isa gonar masara.” Muka dubi juna, ni da Mama Rifkatu. Sai muka ji wani ɗan tari a bayanmu. Gulam ne, ya sunkuyar da kai. Ya haɗa yatsu ya ce, “Shwayya, shwayya bas,” wato kaɗan-kaɗan ne kawai. Ashe shi ma tsoron korar ya sa ya sayo buhun taki, kullum idan mun hau sama sai ya bi bayanmu ya watsa musu hannu guda.

Hadiza ta zauna a kan bulo ta yi dariya har da hawaye. Da ta nutsu ta ce, “Ku zo ku ga wani abu.” Ta kai mu lungun shara. Ga na huɗun nan tsaye, ya zubar da tsohon ganye ya fitar da sabo, kore shar, rassansa suna lilo. Ko Gulam ba ya zuwa wurin saboda wari. Ta ce, “Wannan shi kaɗai ne bai ga likita ba.”

Ta je ta gaya wa manaja gaskiya, amma da simintin ta fara, ta daɗe a kansa, har ya zama kamfaninsu ne zai ba da haƙuri. Sauran bayanin ta yi shi a gurguje. Gulam bai rasa aikinsa ba. Ya zo ƙofarmu da yamma da kofunan shayin karak, yana ta dafa ƙirji. Aka zo aka fasa simintin, aka kwashe ƙasar saman itatuwana aka sa sabuwa, aka yi ta zuba ruwa mai kyau don ya wanke gishirin. Hadiza ta kafa mana doka, ba toka, ba bokiti, ba taki. Abin da ta yarda mu yi kawai shi ne mu duba bayan ganye, idan mun ga wani abu mu kira ta. Na karɓi dokar don ’yar mutunci ce, amma har gobe ina cewa laifin mai gasa kaji ne. Da tokar kirki na samu, ta itacen ƙirya, da labarin ya sha bamban.

Nawa biyun suka farfaɗo a hankali. Na Mama Rifkatu bai tashi ba. Ranar da aka zo tuge shi, ko ƙarfi ba a sa ba, ya fito kamar ruɓaɓɓen haƙori. Na shirya maganar da zan tsokane ta da ita tun daga lif, amma da na ga fuskarta sai na haɗiye. Ta tsaya tana kallon ramin. Ta ce, “Hajiya, kin san jikokin nan da na raina, yanzu idan na shiga ɗakinsu ko kai ba sa ɗagowa daga waya. Abinci ma a waya suke kira a kawo musu. A duk garin nan wannan itacen ne kaɗai nake tashi da safe in ce yana jirana. Ga shi na kashe shi da hannuna.”

Na ce, “Siminti ne ya kashe shi. Ba ki ji abin da yarinyar ta ce ba?”

Ta ce, “Na ji abin da ta gaya wa manaja.”

Kamfanin suka ce ba za su kawo wani ba sai sanyi ya dawo, manaja kuma ya ce a mayar da bulo a rufe ramin. Sai na tuna wani abu. Na ce wa Hadiza, a gidanmu an taɓa saro reshen rimni aka kafa turken jaki da shi, damina na zuwa turken ya yi ganye, jakin ya cinye, ya sake yi. Na ce ko za ta bari in yanki reshe ɗaya a kafa a ramin. Ta ce zai iya kamawa, amma ba a wannan zafin ba, kuma ba daga nawa ba, don masu jinya ne. Daga na lungun shara za a yanka. Ta roƙi manaja ya bar ramin, Gulam ya kife masa tsohon kwando.

Muka jira har iska ta sauya. Ranar dashen Hadiza ta yanko reshe mai kaurin babban yatsa, ta sheƙe ganyen, ya zama sanda tsirara, ta miƙa wa Mama Rifkatu ta ce ita za ta kafa. Ta kafa, ta danna ƙasar da tafin hannu, ta yi addu’arta, na yi tawa. Sannan ta miƙe ta ce, “To, yanzu wa zai riƙa ba shi ruwa?”

Hadiza ta ce, “Bututu.”

“Ko ɗan kofi ɗaya?”

“Mama.”

“Na ji, na ji.”

Zaman jiran nan ya fi jego wuya. Kullum mu sauko da kujerun roba mu zauna a gaban sanda, hannuwanmu a cinya kamar masu zaman makoki, Gulam yana leƙenmu daga ɗakin gadi ko wata za ta ciro wani abu daga cikin zani. Masu wucewa suna kallon tsofaffi biyu suna gadin sanda. Nura ya ce ko in bar sauka, mutane sun fara tambayarsa ko lafiya. Na ce ya ce musu lafiya lau, haƙuri muke koya. A wannan zaman ne na ji labarin rafin garinsu, ita ma ta ji na kogin garinmu, har muka gano cewa waƙar da muke yi idan muna wanki kusan iri ɗaya ce, kalma biyu ce ta bambanta, muka kuma yi gardama a kan wace ce daidai.

Wata safiya ƙafata ta matsa mini ban sauka ba, na leƙa daga baranda da tabarau. Sai na ga kamar wani abu a jikin sandar, ɗan tsiit, kore. Na goge tabarau na sake dubawa. Yana nan. Na yi maza na lalubo wayata na danna lambar Mama Rifkatu. Wayar ta ce tana kan wani kiran. Na kashe na sake, ta ce tana kan wani kiran. Na ce wace irin mata ce wannan, da sassafe take surutu a waya, yau da ake nemanta. Na leƙa ƙasa don in ƙwala wa Gulam kira ya je ya buga mata ƙofa, sai na hango ta a barandarsu, ta kafa waya a kunne, tana nuna sandar da ɗaya hannun, tana ɗaga kai tana neman tagarmu.

Ta hango ni ta ɗaga murya, duk benen yana ji, ta ce, “Hajiya! Ki sauka daga kan layin mana, ke nake kira!”